Ranar Da Na Gaida Surukina A Kwance

Biniam Girmay ne ya ja mini. A watan Yulin 2024 wannan ɗan Eritiriya ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya lashe zango a gasar tseren keke ta Tour de France, wadda ake yi tun 1903, kuma sai da ya ci zango uku ya koma gida da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi kowa tara maki. Ni kuwa ina kishingiɗe a falo a Unguwar Dosa, waya a hannu, kwanon tuwo a gefe, ina kallon yadda yake keta Turawa, sai zuciya ta raya mini cewa bambancina da yaron nan keke ne kawai.

Wani abokin aikina yana da ƙane mai shigo da kayan gwanjo daga Turai, a wurinsa na samu keken tsere na kabon. Maganar kuɗi kuwa, akwai abin da na biya, akwai abin da na gaya wa uwargida, akwai kuma abin da na gaya wa Kawu. Fatana dai kada Allah ya haɗa su hira a kan wannan batu.

Kawu tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya yi shekaru yana zuwa aiki a kan Raleigh. Da ya zo ganin sabon keke sai ya gyara tsayuwa, ya sa hannu biyu, ya yunƙura da irin ƙarfin da ya saba ɗaga nasa. Keke ya yi sama, saura kaɗan ya gaisa da fanka.

"Kai, yaro, an cuce ka. Babu komai a cikinsa."

Na shiga bayani. Na ce Kawu ai ba ƙarfe ba ne, zaruruwan kabon ne da suka fi gashin kai siranta, ake jera su falle-falle a cikin mazubi, a haɗe su da wani irin danƙo, a gasa su har su sandare, kuma da irinsa ake ƙera jikin wasu jiragen sama na zamani. Na ƙara da cewa rashin nauyin shi ne abin da ake saye, har ma hukumar tseren keke ta duniya ta kafa doka tun shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, don masu ƙerawa suna iya yin ƙasa da haka. Nawa kilo 8 ne.

"Kilo 8," in ji Kawu. Ya dubi cikina. "Kai kuma kilo nawa?"

Na ce ba a kan wannan muke ba.

Ya zagaya keken yana lissafi. Ina kariya? Babu. Ina jak? Babu. Madigadi fa, da ƙararrawa, da fitila? Na ce duk ba a sa su, saboda nauyi. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Wato da aka rage kayan sai aka ƙara kuɗin."

Rashin jak ya sa keke ya samu wuri a falo, jingine da bango, an shimfiɗa masa tsohon bargo don kada fenti ya goge. Layinmu kuma ba kwalta, ga tsakuwa ga kwatami, tayarsa kuwa faɗinta milimita 25 ne kacal, don haka a kafaɗa nake saɓa shi har bakin titi. Mai shayin kan kwana kullum sai ya jajanta mini: "Alhaji, yau ma ya lalace ne?"

Mai faci ma ya sha nasa. Bawul ɗin irin waɗannan tayoyi siriri ne dogo, Presta ake ce masa, bakin tiyon iskar mota da babur ba ya kama shi. Ya juya, ya tura, ya naɗa leda, iska tana fita ta gefe. Daga ƙarshe ya kawo shawara a faɗaɗa ramin da ƙusa a sa tib irin na mutane. Da na ce masa kuma tayar tana son iska wajen 90 a ma'auninsa, alhali ta mota 30 da 'yan kai take sha, sai ya ja da baya ya ce, "Oga, in ta fashe ba ruwana." Maƙwabcinsa mai walda ya leƙo ya ce zai liƙa mini kariya a farashi mai sauƙi. Na ce wannan jikin in wuta ta taɓa shi danƙon ne zai ƙone. Ya ce, "Keken da walda ba ta kama shi? To ran da ya karye fa?" Na saɓi abina na tafi neman famfon hannu.

Amma fa a faɗi gaskiya, abin yana da daɗi. Ka fito bayan sallar asuba, titi fayau, ka sauko daga sabuwar gadar Kawo ka miƙe titin Ali Akilu, ka taka feda sau ɗaya ka ji keke ya amsa tun kafin ka gama niyya. Giya 22, biyu a gaba goma sha ɗaya a baya, kuma a jikin hannun birki ake canza su, ka ɗan tura shi gefe ka ji ƙas. Wani ɗan acaɓa ya taɓa jerawa da ni har kusa da shataletalen Lugard Hall, yana leƙen ƙasan sirdi, can ya ce, "Oga, don Allah ina batirin yake?" Ranar ko karin kumallo ban nema ba, maganar ta ƙosar da ni.

Matsalar tana wajen sutura. Sirdin keken tsere siriri ne mai tauri, shi ya sa ake sa wani gajeren wando mai kama jiki, da soso a ɗinke a mazauninsa. Ranar da na fara gwada shi uwargida ta fito daga kicin, ta tsaya da ludayi a hannu.

"Malam, da wannan za ka fita? A unguwar nan da ake ganin mutuncinmu?"

Na gwada ɗora jallabiya a kai, kaca ta cinye gefenta tun kafin in kai bakin titi. Sai muka yi yarjejeniya: in fita da duhu, in dawo kafin gari ya gama wayewa.

Sai kuma takalmi. Shi takalmin tsere akwai wata 'yar ƙugiya a ƙasansa da ke shiga cikin feda ta kulle, don ƙafa ta zauna daram kada ta zame. In za ka cire, ba sama ake ja ba, dunduniya ake murɗawa waje. Na yi ta gwaji a zaure ina dafe da bango har na ƙware. A zaure dai.

Wata Asabar cikin damina, daɗin hanya ya ɗebe ni har rana ta fito. Ina sauri in koma gida sai na tarar wata tifa ta maƙale ta tare hanya a wajen Unguwar Sarki. Na karya kwana na shiga wani layi, na sake karya wata, ban ankara ba sai ga ni a layin surukaina. Layin da ko a mota nake sai na gyara zaman hula kafin in shiga.

Ga Baba zaune a ƙofar gida kan darduma, shi da abokansa dattawa da suke dawowa tare daga masallacin Sultan Bello, rediyo a tsakiya. Na yi tunanin in sunkuyar da kai in wuce, tunda ga hular kwano ga baƙin tabarau, wa zai gane ni? Sai autan gidan, wanda ni na saya masa takalmin sallah, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa: "Baba, ga Yaya! Ga mijin Anti a kan keke!"

Kowa ya san ba a gaida suruki daga kan abin hawa. Sauka ake yi, a tuɓe takalmi, a durƙusa. Na matse birki. Birkin keken tsere kuwa ba ya musu, nan take ya tsaya cak a gaban dardumar. Na ja ƙafar dama sama, ta ƙi. Na ja ta hagu, ta ƙi. Duk karatun zaure ya gudu. Keke ya ɗan yi jim yana shawara, sannan ya zaɓi ɓangaren dattawa.

Faɗuwar ba ta gaggawa ba ce. Na samu lokacin ganin fuskar kowa ɗaya bayan ɗaya, na kuma samu lokacin hango bakin kwalbatin siminti, na tuna cewa kabon yana jure nauyi amma ba ya son duka a kan kaifi, yana iya tsagewa ta ciki ba ka gani ba. Kafaɗa tana warkewa da man zafi. Don haka na murɗa jiki na sauka da baya, na ɗaga keken sama da hannu biyu da ƙafa biyu, tayar baya tana ta juyawa tana tik-tik-tik.

Wuri ya yi tsit. Tunda dai na riga na iso ƙasa, sai na ga babu amfanin ɓata zuwan.

"Baba, ina kwana? Kun tashi lafiya?"

Surukina mutum ne mai nutsuwa. Ya rage muryar rediyo ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya iyalin? Ya yaran? Ya aiki? Ya muka ji da ruwa?" Bai tsallake ko ɗaya ba, ni ma ban fasa amsawa ba, keke yana sama. Wani dattijo mai jan carbi ya ce, "Alhaji, ka yi dacen suruki. Namu ko rusunawa sai sun ga dama."

Sai aka taso ceto. Mutum biyu suka kama keken suna ja, ina roƙo, "Baba a hankali, kada a matse ta tsakiya!" Ɗaya ya ce ai wannan ko jikarsa za ta ɗaga shi, ya fizga. Ƙafafuna suka fito, takalman suka zauna a jikin feda suna reto. Ko ba komai dai an tuɓe takalmi a gaban manya.

Da na miƙe tsaye ne wandon ya gabatar da kansa. Mai carbi ya ce a'uzubillahi a hankali. Wani ya shiga duba agogo. Baba ya kafa wa rediyo ido kamar yau ya fara ganinta, ya ce wa autan, ba tare da ya ɗago ba, "Shiga ciki ka ɗauko wa yayanka babbar rigata, ta jikin ƙofa."

Babbar riga ba ta hawa keken tsere, wannan ko gwaji ba ya so. Na ɓalle takalman daga feda na sa, na saɓi keke, na nufi bakin titi ina tafiya kamar agwagwa saboda ƙugiyar da ke ƙasansu, ƙwas-ƙwas, hular kwano a kai, aska takwas tana jan ƙasa. Mai Keke Napep ya ce a ɗaure shi a sama da roba, na ce sam. Na biya kuɗin kujerar baya gaba ɗaya, na rungume shi a cinya, taya ɗaya ta leƙo ta dama ɗaya ta hagu, har Unguwar Dosa.

Labari ya riga ni isa. Na tarar da uwargida a tsakar gida, waya a kunne, tana share hawaye da bakin mayafi tana cewa, "Umma, don Allah ki bari, cikina!" Da ta gan ni a cikin rigar mahaifinta sai ta zauna a ƙasa.

Bayan 'yan kwanaki sai ga autan da leda a hannu. Shadda ce yadi biyar, mai kyau kuwa. Ya durƙusa, yana ta kokawa da dariya, ya isar da saƙo.

"Yaya, Baba ya ce a kai wa tela, amma ban da wanda ya ɗinka wancan wandon, don ya ci yadin. Ya ce kuma in matsi ne ya sa aka sayar da mota, a yi masa magana, ba a ɓoye wa iyaye irin wannan."

Na ce ya gaya wa Baba mota tana nan lafiya, motsa jiki ne kawai.

"Ya ce in ka faɗi haka, in ce maka ya ji. Amma in za ka sake zuwa gaisuwa, ka zo da ƙafa."