A Damagaram da baki ake cin mu

Na karanta labarinku kan masu kutse a wayoyin mutane, Allah ya saka da alheri. Sai dai kun fi ba da ƙarfi ga manhajojin leƙen asiri, alhali mu nan Damagaram yawanci da baki ake cin mu. Mutum zai kira ka da sallama, har ya tambayi iyali, ya ce an turo maka lambobi shida ta saƙo bisa kuskure, don Allah ka karanto masa. To lambobin nan su ne makullin WhatsApp ɗinka. Kana faɗa ya buɗe shi a salularsa, kai kuma an fitar da kai.

Haka aka yi wa gwaggona a Birni. Kafin la'asar an bi dangi har na Kano da Agadas, wai tana kwance asibiti, a turo jaka goma. Wasu sun tura, don hotonta suka gani da lambarta. Baiwar Allah har kuka ta yi saboda kunya.

Ina roƙon matasanmu, ku karɓi wayoyin iyayenku ku kunna musu tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp, ku sa lambar sirrin da ba shekarar haihuwa ba. In za a kai waya gyara Kasuwar Dole, a cire layi tukuna. Wanda aka cuta kuma ya adana saƙonnin ya kai wa 'yan sanda, tun 2019 Nijar ke da dokar laifukan intanet.