Wai har yanzu sana'ar kakan mutum ce za ta hana shi aure?

Jama'a ni fa wannan maganar ta asali a wajen neman aure ta ishe ni wallahi. Yaro ya zo da hankalinsa da sallarsa da abin yinsa, yarinya na sonsa, sai a tura dattawa unguwarsu bincike, su dawo su ce yaron kam ba shi da aibu amma fa kakansa mahauci ne, ko gidan wanzamai ne, ko makaɗa. Shikenan magana ta mutu, sai a koma ana cewa wai an yi istihara abin bai kwanta ba, saboda su kansu sun san dalilin nasu ba ya faɗuwa a gaban mutane.

Abin nan ba yau ya fara ba. Akwai wani masanin zamantakewa ɗan Jamaika, M.G. Smith, da ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950 yana nazarin yadda muke jera mutane, ya ga sarakuna da masu sarauta ne a sama, malamai da attajirai na biye da su, can ƙasa kuma mahauta da makaɗa da maroƙa da 'yan dako. Har ya lura wanda ya gaji sana'a ya fi ɗan shigege daraja a cikinta, wato tsarin ma ba ya son ka motsa daga inda aka haife ka. Sama da shekara 70 kenan, mun yi boko mun yi digiri, muna riƙe da waya, amma jerin nan yana nan daram a kanmu.

Kuma ranar suna wa ake nema tun da asuba? Wanzami, shi zai yi wa jariri aski. Ranar layya kowa na rububin mahauci, ana ta kiransa a waya ana don Allah don Annabi ka fara da gidana. Hannunsa ya isa ya taɓa naman da za ka ci da iyalinka amma ɗansa bai isa ya zama surukinka ba, haba!

Abin da ya fi ci min rai shi ne dokar nan talaka kawai take kamawa. Bari ɗan mahaucin ya zama dillalin shanu yana loda tireloli zuwa Legas, ya je Makka ya dawo Alhaji, ko mawaƙi ya samu shiga wajen 'yan siyasa a ba shi mota, ba ka ƙara jin maganar kaka, har sarauta sai a nemo masa. Wanda ke tsugune bakin tukuba yana yanka tsire shi ne kullum mara asali.

Su Malam Aminu Kano tun 1950 da suka kafa jam'iyyar NEPU suke faɗa kan danniyar da masu sarauta ke wa talakawa, ga shi mu talakawan muna yi wa junanmu irinta a zaure. Malamanmu da ke karanta mana ayar Hujurat cewa mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa, don Allah ku riƙa kiran sana'o'in nan da sunansu a huɗuba, ku ce mahauci, ku ce wanzami, don iyayen da ke hana auren suna zaune a sahun gaba.