Fukafukan Ɗan Gayu

(Rumfar Baba Tela a unguwar Domayo, Marwa, ƙasar Kamaru. Saura kwana 5 bikin matasa na 11 ga Fabrairu, hunturu na kaɗawa. Baduku na gefe yana sa wa takalmi ƙasa. Ɗan Gayu ya shigo da sabon aski ƙwal, Na-Sani na biye da shi.)

ƊAN GAYU: Salamu alaikum. Baba, kosfile nake so a yi mini.

BABA TELA: Wa alaikumus salam. Mai ƙosai sai la'asar take fitowa.

ƊAN GAYU: Kosfile, Baba. Mutum ya yi shigar wani jarumin wasan bidiyo. Duba wayata. Mutum ne, amma da fukafukan mikiya.

BABA TELA: Au, tashe. Tashe ba azumi. Faɗin nawa kake so?

ƊAN GAYU: Mita 3.

BABA TELA: Waiwaya ka dubi ƙofar da ka shigo. Santimita 80 ce. Kowane fiffike santimita 70 daga kafaɗa zuwa tsini, 90 daga sama zuwa ƙasa. Ya ishi mai hankali.

NA-SANI: Abu mai sauƙi. A kai wa mai walda rodin gini, mili 10, ya lanƙwasa. Shekara goma ba abin da zai same shi.

BADUKU: Fiffiken ba abin da zai same shi. Bayan yaron fa? Rodin mili 10, kowace mita ta haura rabin kilo. Mita 5 za ta shiga, kilo 3 ke nan tun ba a liƙa gashi ko ɗaya ba. Waya za ka saya, mai mili 3, irin wadda ba ta tsatsa, mita 10. A ninka biyu a murɗa, a fitar da surar fiffike. Duka rabin kilo da ɗan wani abu. Bakin wayar kuma a naɗe shi ciki da filaya, a rufe da salatif, kada ka tsone wa ɗan mutane ido.

ƊAN GAYU: Kawu, ina ɗaga ƙarfe fa. Kilo 3 mene ne?

BADUKU: Ɗauki bokitin can. Yawwa. Yanzu miƙe hannu da shi, ka tsaya haka.

ƊAN GAYU: (bayan ɗan lokaci) Wayyo kafaɗata!

BADUKU: Ruwan bai ƙaru ba, nesa da jiki ya yi. Haka fiffike yake. A gama komai kada ya wuce kilo 2, kuma nauyin ya taru kusa da gadon baya, tsini ya zama shafal.

NA-SANI: Sai a ɗinke shi a jikin riga.

BABA TELA: Riga ta shaƙe shi ta gaba, fiffike ya kwanta ta baya kamar kazar da ruwa ya doka. Allo ake yi. Siririn katako irin na bayan kabad, kauri mili 5, faɗi santimita 20, tsawo 25. Gefen da zai taɓa fata a liƙa masa soson katifa. Ɗaya gefen a huda, a ɗaure guntayen bututun roba na wayar lantarki guda 4, kowane santimita 20, a tsaye.

ƊAN GAYU: Me ya sa 4? Fukafukai biyu ne.

BABA TELA: Kowane fiffike ƙafa biyu za a bar masa, kowace ƙafa da bututunta. In ƙafa ɗaya ce, juyawa zai riƙa yi kamar ƙyauren da ba sakata, ɗaya na kallon gabas, ɗaya na gaida mutanen baya. Amfanin bututun kuma, ka zare fiffike ka wuce ƙofa, ka mayar. Maɗauri mu cire na tsohuwar jakar makaranta, in ƙara wani a ƙirji. Nauyi saman allon yake ɓamɓarewa daga gadon baya, don haka maɗaurin sama ne za a ɗame.

NA-SANI: Gashi kuwa kyauta ne. Kakarsa na da zabi 7.

BABA TELA: Mikiya mai ɗigo-ɗigo? Kuma ka fige zabin Iya, ba ka buƙatar fiffike, da ƙafa za ka tashi.

BADUKU: Gashin gaske sai an wanke da sabulu, an shanya, an ajiye da kafur, in ba haka ba ƙwari su cinye, wari ya kore maka 'yan kallo. Kuma gajere ne. Ga abin da ake yi da shi, wannan soson da nake shimfiɗawa cikin takalmi, mai mili 2. Baba ya fara ja wa wayar yadi mai kauri ya ɗinke, a samu wurin liƙi. Sai yanka. Kowace fuska dogaye 10 masu santimita 50, matsakaita 15 masu 30, ƙanana kamar 40 masu 12.

ƊAN GAYU: Kowace fuska?

BADUKU: Gaba da baya. Fuska huɗu. In ka bar baya tsirara, wanda ke bin ka allon talla zai gani.

ƊAN GAYU: Gashi 260 ke nan! Wa zai yanka?

BABA TELA: Mai mita 3.

BADUKU: Ka zana gashi ɗaya a kwali ya zama ma'auni. In ka gama na dama, kife kwalin kafin ka zana na hagu. Nan ake faɗuwa: mutum ya kwana yana yanka, gari ya waye da fiffiken dama guda biyu. Tsakiyar kowane gashi ka ja layi da ƙusa. Dogayen ka liƙa musu tsinken tsintsiya ta baya, don kada su langaɓe. In kana son su ɗan rusuna, ɗora takarda a kai, taɓa da dutsen guga daƙiƙa kaɗan, lanƙwasa a gwiwa har ya huce.

NA-SANI: Liƙi kuma daga sama ake farawa, kai ne gaba.

BABA TELA: Ka taɓa ganin an fara jinka daga tsororuwa? Daga ƙasa. Dogaye tukuna, matsakaita su rufe gindinsu, ƙanana su rufe na matsakaita, kowane ya hau rabin ɗan'uwansa.

NA-SANI: Ina da gam mai kama nan take, na ɗan ƙaramin bututu.

BADUKU: Yatsunka zai kama nan take. A soso bushewa yake kamar gilashi, ka motsa ya tsage. Na kyandir ɗin nan da ake narkawa da bindiga, a ranar Marwa saki yake yi, ka riƙa zubar da gashi a titi. Gam ɗinmu na takalmi za ka sa. Shafa siriri a gefe biyu, ka jira kamar minti 10, sai ka taɓa ya daina bin yatsa, sannan ka haɗa ka danne. Ya kama ke nan, ba gyara. A waje za ka yi, nesa da gawayin guga, don wuta yake ci kamar fetur. Kada kuma ya taɓa farin soson cikin kwalin talabijin, narkar da shi yake.

ƊAN GAYU: To fenti ma a waje?

BADUKU: Fenti a ɗaki.

ƊAN GAYU: Kawu, ka tsaya wuri ɗaya mana.

BADUKU: Gam wari, fenti ƙura. Ka shanya shi a hunturun nan, ya fito kamar an soya shi da garin ƙuli. Soso kuma shanye fenti yake, sai ka fara shafa farin gam na kafinta, rabi gam rabi ruwa, sau biyu. Sannan fenti na ruwa. Na mai kwanaki yake bai bushe ba.

(Safiyar 11 ga wata. Ɗan Gayu ya zo a ƙasa, fukafukai ruwan ƙasa mai duhu a bayansa, yara na biye.)

BABA TELA: Ma sha Allah, sun tsaya cak! Ina Na-Sani?

ƊAN GAYU: Ya ce bari ya gwada su a kan moto. Iska ta cika su, mai moto ya isa kasuwa shi kaɗai. Yana can yana tsince ƙaya. Gashi 3 kawai suka fita, na mayar.

BADUKU: Ka ji gam. To fushin mene ne?

YARA: (daga waje) Ga ungulu! Ga ungulu!

ƊAN GAYU: Baba, mikiya na ce!

BABA TELA: Daga kafaɗa zuwa ƙasa mikiya muka yi maka. Daga wuya zuwa sama, je ka tambayi wanzaminka.

ƊAN GAYU: Yanzu yaya zan yi?

BABA TELA: Hula mai baki, jaka ɗaya, minti 30.

ƊAN GAYU: Ba ni da ko dala. Haka zan tafi.

BADUKU: Allah ya kiyaye hanya. Sai dai kada ka bi ta mahauta.