Haƙƙin majinyacin da aka dawo da shi gida

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A nan Kaduna, idan aka dawo da majinyaci daga asibitin Barau Dikko ko na Shika bayan likitoci sun ce cutar ta fi ƙarfin magani, yawancinmu mukan ɗauka cewa jinya ta ƙare, saura jiran lokaci. Sai 'yan dubiya su ragu, a bar shi da mace ɗaya da ta yi makonni ba ta runtsa ba, alhali kuwa a waɗannan kwanakin ne ya fi bukatar hannun da zai riƙe.

Mu tuna jinyar Manzon Allah (SAW) ta ƙarshe, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Nana A'isha (RA) ta jingina shi da ƙirjinta, kuma da ta ga yana kallon asuwakin ɗan'uwanta Abdurrahman, sai ta karɓa ta tausasa masa shi da bakinta, shi kuwa yana tsoma hannu cikin ruwa yana shafar fuskarsa, yana cewa lallai mutuwa tana da magagi. Kallo kawai ya yi, ta gane abin da yake so, kuma irin wannan lura ce ta yi mana ƙaranci.

Idan majinyaci ya kasa haɗiya, kada a yi masa ɗure. A jiƙa auduga a riƙa shafa masa a leɓe. A riƙa juya shi kamar duk bayan awa 2 domin kada kwanciya ta ɓarke masa da gyambo. Abin da ya fi damuna shi ne masu hana shi maganin rage raɗaɗi da hujjar cewa ciwo kaffara ne. Kaffarar tana wajen Allah, namu shi ne mu sauƙaƙa masa, don haka a koma wa likita a nemi maganin, a kuma ba shi a kan kari.

Wajen laƙƙana kalmar shahada, a faɗe ta a hankali kusa da kunnensa, ba da tsawa ko naci ba, kuma malamai sun ce idan ya furta ta a ƙyale shi, sai fa in ya sake wata magana. Zancen gado da kuɗin da aka kashe a fita da shi zaure, domin mai yiwuwa yana ji ko da idonsa a rufe. A tuna masa da yalwar rahamar Allah, a tambaye shi bashi da wasiyya tun yana iya magana, sannan a raba kwana tsakanin dangi domin ita ma mai jinyar ta samu barci.