Masu cewa a zubar da maganin taɓin hankali

Bidiyoyin da ke yawo a TikTok da WhatsApp kusan duk tafiyarsu ɗaya. Mutum ya zauna gaban kwalabe da ƙullin gari, yana rantsuwa cewa ƙwayoyin da ake bayarwa a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa ba su taɓa warkar da kowa ba, sai dai su mayar da mutum soko. Daga nan sai umarni: a daina sha, a zo a karɓi nasa. Tallan bai dame ni ba, kowa da kasuwarsa. Umarnin a daina shan magani ne ke ci mini rai.

'Yan bokonmu ma sun samu abin kafa hujja. A 2022 Farfesa Joanna Moncrieff ta jami'ar UCL da ke Landan da abokan aikinta sun fitar da nazari cewa babu gamsasshiyar shaidar da ke nuna ƙarancin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa ne ke kawo ciwon damuwa. Tun lokacin ake jan maganar har ta koma "Turawan ma sun ce maganin ƙarya ne". Alhali nazarin bai gwada ko maganin yana aiki ba, asalin cutar ya duba. Ai ba ƙarancin farasitamol ke kawo ciwon kai ba, amma in an sha yana sauka.

Waɗanda suka gwada aikin maganin sun riga sun yi magana. A 2018 mujallar Lancet ta buga binciken Andrea Cipriani, wanda ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan mutum fiye da 116,000, aka ga magungunan damuwa 21 duk sun fi ƙwayar bogi wadda babu magani a cikinta. Tazarar ba wata babba ba ce, kuma mai ƙaramar damuwa zama da ƙwararre yakan ishe shi. Amma masu bidiyo ba a nan suke kiwo ba. Farautarsu iyalan mai babban ciwo ne, wanda ke jin muryoyi, yake ganin ana bin sa da sharri. A irin wannan, wato sikizofireniya, binciken Stefan Leucht na 2012 ya nuna cikin shekara guda ciwon ya sake tashi ga kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka ci gaba da magani, ga kashi 64 kuma na waɗanda aka mayar kan ƙwayar bogi.

Duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan ciwo ya san yadda abin yake. Saurayi ya kwana bakwai bai runtsa ba, yana surutai. Aka kai shi asibiti, bayan 'yan makonni ya fara barci, ya yi wanka da kansa, ya koma shago. Sai kawu ya zo gaisuwa ya ce, "Ai yaron nan ya warke, me kuma za a yi ta ɗura masa?" Ko kuma kuɗin ya yanke, uwa ta koma ba shi rabi-rabi. Bayan 'yan watanni a tsinto shi bakin kasuwa ba riga. Kawun nan shi ne zai fara cewa dama maganin asibiti ba ya yi.

Zancen illa gaskiya ne. Tsofaffin ƙwayoyi irin su chlorpromazine, da aka fara amfani da ita a Faransa a 1952, da haloperidol, suna sanƙarar da wuya, su sa rawar hannu da nauyin jiki, kuma su ne talaka ya fi samu saboda araha. Sababbi irin su olanzapine suna sa ƙiba, har su kai wasu ga ciwon sukari. Wannan dalili ne na komawa wurin likita ya rage ko ya canja. Yankewa rana ɗaya kuwa, ko maganin damuwa ne, jiri da rashin barci da fargaba ke biyo baya. Masu kwatanta su da tramadol da kodin su bari: magungunan taɓin hankalin nan ba sa bugarwa, maganin damuwa ma sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa.

Babu wanda ya hana addu'a ko ruƙiyya. Wane likita ne ya taɓa ƙwace carbi a hannun majinyaci? Amma mun san inda ake ƙarewa idan aka watsar da asibiti. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sassan Najeriya, mu kuma gidan mari ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin ta 1958, sai dai takarda ba ta sayen ƙwaya. A sa magungunan nan cikin inshorar lafiya, a kai su asibitocin ƙananan hukumomi, kada mutumin karkara ya sayar da akuya don kuɗin motar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. NAFDAC kuma ba ta da uzuri, domin masu wannan talla ba ɓoye suke ba: lambar wayarsu na rubuce a ƙasan kowane bidiyo.