Na'urar Kano ta fi ta Amurka sanin darajar mai ita

Bara da Hajiyarmu ta zo mana nan Shikago, cikin tsarabarta har da faifan DVD na bikin ƙanwata, wanda Allah bai nufe ni da halarta ba. Bayan isha'i muka haɗu a falo, yara sun kewaye ta, na saka faifan. Ya yi ta juyawa, can na'urar ta ce ba za ta iya karanta shi ba. Na ciro na goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, na mayar. Shiru. Hajiya ta ce, "Ai kuwa lafiyarsa ƙalau, daren da zan taho muka kalle shi a gidan yayarka."

Gaskiyarta. Mai ɗaukar hoton bikin ya haɗa faifan ne a tsarin hoton talabijin na PAL, wanda Najeriya da Ingila ke amfani da shi: layi 625, hoto 25 a daƙiƙa. Amurka kuwa NTSC take bi, layi 525, hoto kusan 30. Wata na'urar ta ƙi faifan ƙememe, wata ta nuna shi baƙi da fari yana ta birgima. Wannan ban ga laifin kowa ba, tsohon bambanci ne da ya samo asali tun daga wutar lantarkin ƙasashen.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kullen shiyya. Manyan kamfanonin fim ne suka yanka duniya gida shida da gangan, don kada faifan wata shiyya ya buɗu a na'urar wata: Amurka da Kanada shiyya ta 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya ta 2, yawancin Afirka da Indiya da Rasha ta 5, Sin ta 6. Dalilinsu shi ne su riƙe farashi da ranar fitar fim a kowace kasuwa. To, ni da na sayi faifai na halas a Landan da gumina, me na sata da za a hana ni kallonsa a ɗakina? Ko a kwamfuta, sau biyar kawai za ka canza shiyya, daga nan ta kulle a ta ƙarshe.

Ka kwatanta da gida. 'Yar na'urar China da ake saya a Sabon Gari ba ruwanta da asalin faifai. Fim ɗin Hausa daga Ƙofar Wambai, na Indiya, VCD na tafsiri, wanda alhaji ya zo da shi daga Saudiyya, duk haɗiye su take yi. Na san ba ta da ƙarko, idonta kan mutu da wuri in ƙura ta yi yawa, amma muddin tana da rai ba ta yi maka gardama. A wurina wannan ya fi suna da tsada.

Mai shirin kai na'urar Amurka gida Najeriya kuma ya duba bayanta tukuna. In ƙarfin wuta 120V kaɗai aka rubuta, wutarmu 230V ce, ƙonewa za ta yi nan take in babu taransifoma.

Washegari na sayo wadda ke buɗe kowace shiyya, tana kuma juya PAL zuwa NTSC. Da hoton kamu ya fito, Hajiya ta matso da kujerarta gaban talabijin, tana nuna wa jikokinta gwaggonninsu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.