Yadda siyasa ta raba mana tsofaffi biyu a gaban talabijin

Shekara bakwai kenan ina aikin kula da tsofaffi a wani gida a nan jihar Maryland, kuma abu na farko da aka koya min tun satin da na fara shi ne kar in kuskura in zo wa mutum da maganar wanka ko gwajin hawan jini da ƙarfe sha biyu da rabi na rana. Lokacin The Young and the Restless ne. Sai ki ga an turo kekuna an jera a falo, wacce tun safe take kukan ƙafa ta manta da ƙafar, kowa ya yi tsit kamar ana huɗuba. Su ba sa ce masa fim ko diraman talabijin, cewa suke "labaraina", kamar dai abun gadon gidansu ne.

Ga wanda bai sani ba, wasanni ne da ake sawa Litinin zuwa Juma'a da rana, babu zango na ɗaya zango na biyu irin namu, tafiya kawai ake har sai ranar da tasha ta gaji. Turawa na ce musu wasan sabulu saboda kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suka riƙa biyan kuɗinsu tun zamanin rediyo don su tallata wa matan aure da ke gida kayan wanki. Guiding Light a rediyo ya fara a 1937, ya koma talabijin a 1952, ba a rufe shi ba sai 2009, shekara 72 fa jama'a, mu da muke ganin Daɗin Kowa ya daɗe don ya yi shekara goma. General Hospital tun 1963 ake yinsa har yau. Akwai tsohuwar da ta ce min da goyon ɗanta na fari ta fara kallo, ɗan nan yanzu shi ma jika gare shi.

To abun da yasa na ɗauki waya nake wannan rubutun shi ne wasu mata biyu da nake kula da su, ba zan faɗi sunansu ba. Ɗaya farar fata ce 'yar Republican ta gidi, ɗayar baƙar fata ce tsohuwar malamar makaranta da ba ta taɓa zaɓen kowa ba sai Democrat, kuma wlh tun zuwana kujerunsu a manne suke, tare suke zagin mugu tare suke share hawaye in an yi mutuwa a General Hospital, kowacce ta san inda 'yar uwarta ta dosa a siyasa amma ba ruwansu. Sai ƙarshen 2021 aka sallami 'yan wasa biyu daga shirin, Steve Burton mai fitowa a Jason da Ingo Rademacher mai fitowa a Jax, saboda sun ƙi yin allurar korona da kamfanin ya wajabta. Farar ta ce ita da shirin har abada, an zalunci yaran nan. Malamar ta ce Allah raka taki gona, mutum nawa muka rasa a gidan nan. Daga ranar kujerun suka rabu. Ni da na ga yadda aka riƙa fita da gawa daga ɗakunan nan a 2020 kun san ɓangaren da zuciyata take a maganar allura, ban ɓoye ba, amma rabuwar nan ta tsaya min a rai fiye da yadda nake zato, don a gidan tsofaffi ƙawa ɗaya ta fi magani goma.

Tun daga nan na shiga zaurukan masoya wasannin a Facebook ina karantawa in na tashi aiki. Maganar da ta fi yawa ita ce wai a fitar musu da siyasa daga labaransu, wai a da can ba haka ake ba, a da soyayya ce kawai da kishi da rabon gado. Gaskiya ni ban yarda ba, kuma tsofaffin da nake zama da su ne suka nuna min ba haka bane. Wata marubuciya Agnes Nixon, a 1968 cikin One Life to Live ta kawo labarin Carla, 'yar wasa Ellen Holly ce ta fito a matsayin, mace ce mai haske sosai da kowa ya ɗauka farar fata ce, aka nuna ta tana soyayya da likita baƙi, masu kallo suka yi ca, sai daga baya aka bayyana ai ita ma baƙa ce take ɓoye asalinta. Wannan a shekarar da aka kashe Martin Luther King fa. Ita dai matar nan ce ta ƙirƙiro All My Children a 1970 ta saka yaƙin Biyetnam a ciki yaƙin na kan ci, har 'yar wasa Mary Fickett ta samu kyautar Emmy a 1973 kan rawar uwa da ta fito ta yi magana a kan yaƙin. A 1973 ɗin kuma, shekarar da kotun ƙoli ta yanke hukuncin Roe da Wade da ya halatta zubar da ciki a lokacin, wata da ake kira Erica Kane a labarin ta zubar da ciki a cikin shirin. Ko kina so ko ba kya so, kuma ni a tarbiyyata da addinina akwai da yawa a ciki da ba na so, ba za ki ce wannan ba siyasa bace. Ana yi wa wasannin nan kallon shirmen matan gida, alhali su suka fara taɓa abubuwan da manyan shirye-shiryen dare suke tsoron kusanta.

Ita ma siyasar ba ta taɓa barinsu sun huta ba. Ranar 22 ga Nuwamba 1963 ana cikin nuna As the World Turns aka katse, muryar mai karanta labarai Walter Cronkite ta shigo da labarin an harbi shugaban ƙasa Kennedy a Dallas, kuma kusan duk tsohuwar da na tambaya ta tuna abun da take yi a lokacin, wata guga wata shayarwa. A 1973 da majalisar dattawa ta fara zaman binciken badaƙalar Watergate ta gwamnatin shugaba Nixon tashoshi suka ture wasannin rana, mata suka dinga bugo waya suna faɗa a dawo musu da labaransu, har manyan tashoshin ƙasar uku suka koma karɓa-karɓa wajen nuna zaman. Na gani da idona irin haka a 2019 lokacin zaman tsige Trump, falo ya ɗau zafi, ba don Trump ba, don an cinye musu awarsu. Shi kanshi Trump ɗin, faifan nan da ya fito a Oktoban 2016 ana saura wata ɗaya zaɓe, wanda aka ji shi yana munanan kalamai kan mata, ai a cikin bas aka naɗe shi a 2005 yana kan hanyar zuwa fitowa a wasan rana na Days of Our Lives.

Abun da ya canja a ganina shi ne a da labarin ake faɗa a kai, yanzu kuwa ɗan wasan ake bi har gida ta waya. Kimberlin Brown mai fitowa a muguwar nan Sheila ta yi jawabi a babban taron Republican na 2016, ita da Antonio Sabato Jr. da ya taɓa yin General Hospital, dukansu suka tsaya takarar majalisar wakilai a Kalifoniya a 2018 suka faɗi. A ɗaya ɓangaren ga Eric Braeden, Victor Newman kenan na The Young and the Restless, haifaffen Jamus, baya ɓoye adawarsa da Trump, ga Nancy Lee Grahn ta General Hospital ita ma bakinta baya shiru. Sai ki ga mace ta shekara arba'in tana son Victor ta wayi gari ta ce ta daina kallo saboda abun da ya rubuta jiya da daddare.

Nan ne nake tuna gida. Mu ma ai haka muka koma. Ina ƙarama in Samanja ya zo a NTA Kaduna duk gidan ake haɗuwa har da maƙwabta marasa talabijin, soja ke mulki ana dariyar soja, ban taɓa jin an tambayi wa Usman Baba Pategi ko Kasimu Yero suke so a siyasa ba. Yanzu tun zaɓen 2015 'yan Kannywood da mawaƙa kowa da hularsa, jarumin da ake so jiya in ya canja hula yau sai zagi har iyaye a ƙarƙashin hotonsa. Ƙanwata a Kano ta taɓa ce min ta daina kallon wani shiri saboda jarumin ya ɗaga hannun ɗan takarar da ba nata ba, na ce mata ke da tsohuwata ta nan ba ku da maraba.

Sai dai akwai bambanci kuma bai kamata in haɗa su duka a kwando ɗaya ba. A nan hukuncin daga masu kallo da masu talla yake zuwa, in aka daina kallo tasha ta rufe shirin, shi yasa daga wasanni 19 a wajen 1970 aka wayi gari bayan 2012 saura huɗu. A gida kuwa hannun hukuma na kusa, a watan Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda har da Labarina da Daɗin Kowa. Sannan ɗan wasan nan yana da ƙungiya mai ƙarfi da fansho da inshorar lafiya, in ya yi siyasa yawanci ra'ayinsa ne, namu kuwa wani tsufa zai riske shi ba ko sisi sai an yi masa bara a intanet, to in ɗan siyasa ya miƙo mota yaya kike so ya yi? Ba wai ina wanke kowa bane amma ina jin nauyin zaginsu. Kuma a wani wajen mun fi su ƙarfin hali, Kwana Casa'in ya fito ƙarara ya nuna gwamna da maguɗi da cin hanci a jihar Alfawa, su nan garuruwansu na ƙirƙira irin Port Charles da Genoa City da wuya ki ji an ambaci sunan jam'iyya.

Ni dai ban ce ɗan wasa ya rufe bakinsa ba, ɗan ƙasa ne yana da ƙuri'a. Ban kuma ce mai kallo ba ta da ikon kashe talabijin ɗinta ba. Amma ina ganin asara ce mace ta yar da abun da ya raka ta goyo da takaba da kaɗaici, ta haɗa da ƙawarta ta yar, a kan mutumin da bai ma san tana duniya ba. A Fabrairun 2025 da CBS ta fara Beyond the Gates, sabon wasan rana na farko tun 1999, labarin wani gidan baƙaƙe masu arziki a nan kusa da Washington, malamar nan sai da ta sa na ɗauko mata 'yan kunnenta na zuwa coci na gyara mata gashi kafin a fara, tun zamanin Carla take jiran irin wannan ranar.

Ƙawar tata ba ta gani ba. Ta rasu a ƙarshen 2023, watanni kaɗan kafin a dawo da Steve Burton cikin General Hospital a Maris 2024. Ranar da Jason ya sake bayyana ina tsaye a bayan keken malamar da kofin maganinta a hannu, sai ta juya gefen hagu inda ɗayar take zama a da, ta buɗe baki za ta yi magana, wani dattijo ne a wurin yana gyangyaɗi. Ta ce in mayar da ita ɗaki, ranar ba ta ƙarasa kallon ba.